Kayan bola da gwangwan: wanne ake ɗorawa a sikeli, wanne ake warewa?

Ɗan Taura ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar jari-bola. Ni da ƙanena muna so mu buɗe ɗan wurin sayen gwangwan a gefen garinmu. Muna da fili mai katanga, da sikelin rataye, da baro biyu. Kayan da ake samu a nan yawanci na manoma ne: matattun injinan ban-ruwa, tsoffin garmunan shanu, sifirin na mota, batura, wayoyi, robobi, sai kuma tarkacen da ake fitarwa in an rushe tsohon gini ko an kwashe juji.

Abin da masu saye a nan suke yi shi ne su haɗa komai su jibga wa sikeli a kan kuɗin ƙarfe, mota ta zo ta kwashe zuwa Kano. Hankalina bai kwanta da haka ba, don ina ganin ana asarar abubuwa masu amfani a ciki. To yaya ake gane ƙarafa daban-daban? Wane kaya ne gyara shi ya fi auna shi? Tsoffin kuɗi da tasoshi da kekunan ɗinki da ake tsinta, suna da wata daraja ko ƙarfe ne kawai? Kuma mene ne bai kamata mutum ya saya ba ko da kyauta ne? Allah ya saka da alheri.

Mai Sikeli ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a abin da za ku fara. Tunaninka daidai ne, ribar wannan sana'a a wajen warewa take. Wanda ya sayi gauraye ya sayar gauraye, dako kawai ya yi wa dila.

Kafin komai ka tanadi mayen ƙarfe, wato maganaɗisu. Ba sai ka saya ba, ciro shi daga bayan tsohuwar lasifika ka ɗaura masa igiya. Sai magagari, filaya, guduma, safar hannu ta fata, da takalmi mai kaurin ƙasa saboda ƙusa da kwalba. Ku je asibiti a yi muku allurar tetanus ku biyun tun kafin ku fara.

Duk abin da maye ya kama ƙarfe ne, shi ne mafi arha a kilo. Abin da bai kama ba shi za ka tsaya a kansa. Goga shi da magagari ka duba launin cikinsa. In ja ne, kopa ce, ita ce mafi tsada a wurinka. In ruwan ɗorawa ne, biras ne, irin na kan famfo da bawul da tsoffin kwaɗo, shi ke bin kopa. In fari ne mara nauyi, alminiyam ne, wanda bai kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin kopa ba in girmansu ɗaya. In fari ne amma da nauyi a hannu, kuma ya karye maimakon ya lanƙwashe in ka buga, tutiya ce ta zubi, kamar jikin wasu kafireto da hannun ƙofar mota. Kada ka haɗa ta da alminiyam, dila zai karya farashin buhun gaba ɗaya saboda ita. Dalma kuwa toka-toka ce, mai nauyi sosai, farce ma yana yi mata zane. Sitenles mai kyau maye ba ya kama shi, magagari kuma da ƙyar yake cinsa.

A waya aka fi cutar sabon shiga. Akwai wayar alminiyam da aka yi wa rufin kopa, ta cika kasuwa yanzu. Kankare ta da wuƙa, in cikin ya fito fari to alminiyam ce. Akwai kuma ta ƙarfe mai rufin kopa, kamar zaren tsakiyar wayar eriya, ita maye ke tona mata asiri. Ga lissafin da zai taimake ka wajen ciniki: wayar gida mai lamba 2.5, in kopa ce ta gaske, kowace mita tana da giram 22 na kopa, wato mita 100 ta ba ka kilo 2.2. Mai lamba 1.5 kuma mita 100 kilo 1.3 ce. Sauran nauyin duk roba ne, kada ka biya shi da kuɗin kopa.

Kada ka ƙona waya don cire roba. Kopar da aka ƙona tana yin baƙi, farashinta ya sauka, siraran zarurruka su ƙone su bi toka, hayaƙin kuma guba ne gare ku da maƙwabta. Shanya wayar a rana tsaka roba ta yi laushi, ka huda katako daidai kaurinta, ka kafa tsinin reza ko wuƙa a cikin hudar, ka riƙa jan wayar ta ciki. Robar za ta tsage ka zare.

Sikelinka ka riƙa gwada shi duk mako. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka lita 10 a jarka ta nuna kilo 10 da ɗan nauyin jarkar. Rodi mai milimita 12 kuma cikakken tsawonsa na mita 12 yana kusa da kilo 10 da rabi. Sikelin rataye sifirin ɗinsa yana saki da daɗewa, sai ya riƙa nuna fiye da gaskiya, kai ne da asara. In kuma ya cije ya nuna ƙasa, haƙƙin mutane kake ci ba ka sani ba. Wajen saye, duk bututu ka ƙwanƙwasa shi ka leƙa cikinsa, don ana ɗura yashi da laka, turken ƙarfe kuma yakan zo da siminti a gindi.

Abin da ba a saye ko da kyauta: kebul ɗin taransifoma da wayar turakun lantarki, kayan famfon tuƙa-tuƙa, batir da farantin fitilun sola na kan titi, ƙarafan layin dogo, tagogin makaranta ko asibiti, da allunan maƙabarta. Karɓar kayan sata laifi ne a doka, kuma kai za a fara kamawa tun kafin ɓarawon. Ka gabatar da kanka wurin mai unguwa da dagaci, ka shiga ƙungiyar masu sana'ar ta yankinku, ka ajiye littafi da za ka riƙa rubuta sunan mai kawo kaya da unguwarsu da abin da ya kawo. Yaro in ya zo da tukunya ko kan famfo ko wani abu mai kyau na gida, kada ka karɓa sai babbansa ya zo.

Bakaniken Kadawa ya amsa:

Alhaji Mai Sikeli ya gama maganar ƙarafa. Ni zan tsaya a kan injina, don a nan ake zubar da kuɗi da yawa. Yawancin injinan ban-ruwa da manomi ke cewa sun mutu, abu ɗaya ne ko biyu ya lalace a jikinsu.

Injinan inci 2 da inci 3 da ake amfani da su a fadamun Kura da Bunkure da Haɗeja kusan duk ƙirar Honda GX160 ne ko kwaikwayonsa, shi ya sa kayan wannan ke shiga wancan. In an kawo maka, fara jan igiya a hankali. In ka ji ta yi tauri a wani wuri sannan ta saki, fistin da ringi suna nan da ransu. In ta tafi sululu babu tauri, kwance murfin bawul, sau da yawa bawul ne ya maƙale a buɗe saboda tsatsa. In kuwa ba ta motsi sam, cire fulogi ka zuba baƙin mai ko gas a ramin, bar shi kwana biyu, ka gwada juyawa da sifana ta wajen notin fulawil. Kada ka buga da guduma. Wanda ya ƙi juyawa bayan haka, ko ka ga jikinsa ya fashe ta gefe, shi ne na wargazawa.

Sai wuta. Jingina fulogi a jikin inji ka ja igiya. In babu tartsatsi, zare wayar na'urar da ke kashe inji in baƙin mai ya yi ƙasa, ka sake gwadawa, don takan lalace ta hana wuta alhali kwayil lafiyarsa ƙalau. Tazarar bakin fulogi milimita 0.7 ce, ta bawul kuma 0.15 a na shiga, 0.20 a na fita, inji yana sanyi.

Ɓangaren famfo abu biyu ke kashe shi. Na farko tayar da inji ba a cika famfon da ruwa ba, sai sil ɗin tsakiya ya ƙone, ruwa ya riƙa zuba ta baya, famfon ya daina ja. Sil sabo ake sawa, ba shi da tsada. Na biyu yashin rijiyar fadama, shi ke cinye fankar ciki har ta daina tura ruwa. Don haka duk fankar da ka samu bakinta bai cinye ba, ajiye ta, lokacin noman rani nemanta ake yi.

Ko injin na wargazawa ne, kada ka auna shi ɗungurungum. Cire kafireto, kwayil, tanki, igiya da gidanta, salansa, kan silinda, fulawil. Wanke su da kananzir ka jera a rumfa, kowanne kuɗinsa ya ninka na kilo. Amma ka lura da bakin karanshaf, iri uku ne: na famfo mai zare ne, na janareta mai tsukewa ne zuwa baki, na injin markaɗe miƙaƙƙe ne mai gurbin ki. Ba sa shiga wa juna, kada ka sayar wa mutum ya dawo maka da shi.

Fankar sama da ta daina gudu ko take juyawa a hankali, yawanci kafasito ne, mai lamba 2.5. In tana ƙara, boris ne, lambarsa tana rubuce a gefensa, galibi 6201 ko 6202 ko 6203. Shinshina kwayil ɗin, in yana warin ƙuna kuma ya yi baƙi, sai naɗi ko a cire waya. Kwamfaresar firji ƙafa uku gare ta. Sa mita a kan om ka auna su bibbiyu, za ka samu lamba uku. In ƙananan biyun da ka haɗa sun ba da babbar, kuma babu ƙafar da ke karantawa da jikin kwamfaresar, kwayil ɗinta lafiya yake, mai gyaran firji zai saya. Kada ka yanka bututun firji kusa da wuta, sababbin da aka rubuta wa R600a iskarsu tana kamawa.

Batir mai bolt 12 in ya cika yana nuna 12.6. Yi masa caji, bar shi ya kwana, ka auna. In ya tsaya a wajen 10.5, ɗaki ɗaya daga cikin shidan ya mutu, babu gyara. In ya nuna sama da 12.4, haɗa masa ƙwan fitilar mota mai wat 55 na minti goma. Wanda bai faɗi ƙasa da 12 ba zai iya riƙe ƙwayaye da cajin waya a shago, ko da ba zai tayar da mota ba. Farantin sola kuma ka kai shi rana tsaka ba tare da an haɗa komai ba. Ƙaramin da ake kira na bolt 12 ya kamata ya nuna tsakanin 20 da 22. In ya nuna rabin haka, buɗe akwatin bayansa, sau da yawa dayod ne ya ƙone. Wanda gilashinsa ya tsage zai yi aiki da rani, amma damina ɗaya ruwa zai shige shi, ka faɗa wa mai saye gaskiya.

Baturan laftof akwai ƙananan batura a ciki masu lamba 18650, masu gyaran tocila da fanka mai caji suna so. Wanda ya nuna ƙasa da bolt 2, ko ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ware shi. Kada a tara su a buhu ɗaya da ƙarafa, kuma kada a huda su, wutarsu ba ta mutuwa da sauƙi. Tsohuwar talabijin mai ƙeya kada a fasa kwalbarta, tana tarwatsewa, gilashin kuma akwai dalma a ciki.

Ɗan Taura ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Alhaji, na gode Malam Bakanike, Allah ya ƙara buɗi. Saura abu biyu. Wani ya ce min matattun batura in na fasa su na narka dalmar da kaina zan fi samun riba. Sannan akwai masu zubin tukwane a kasuwar Gujungu, an ce suna sayen kowane irin alminiyam har da na inji. Yaya gaskiyar wannan?

Maƙerin Gabas ya amsa:

Ɗana, maganar fasa batir ka bar ta kwata-kwata. Ƙurar da ke cikin farantan batir da hayaƙin narka ta suna sauka a ƙasa da tufafi, ka kai su gida, yara su taɓa su sa hannu a baki. Dalma ba ta ruɓewa, in ta shiga ƙasar fili tana nan shekara da shekaru. Abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400, daga dutsen zinare da ake dakawa a cikin gidaje ta fito, amma gubar ɗaya ce da ta batir. Sayar da batir yadda yake, a tsaye, da murafunsa. Jera su a kan katako a inuwa, nesa da rijiya da dabbobi. In ruwan batir ya zube, barbaɗa kanwa ko toka har ya daina kumfa. In ya taɓa ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa na minti goma sha biyar, a tafi asibiti.

Alminiyam kuma ka raba shi gida biyu. Tsoffin tukwane, gwangwanin lemo, firam ɗin taga da wayar alminiyam su ne masu tsabta, su za ka ba masu zubin tukunyar abinci. Na inji, da lagireto, da duk mai fenti ko mai lakin dalma a jiki, a kai wa dila ko masu zubin murhu da kayan da ba a ci a ciki. Za a samu mai zubin da zai karɓi kowanne, amma tukunyar gidan wani za ta je a dafa wa yara tuwo. Kada ka ba su jiƙaƙƙen kaya ko gwangwani mai ruwa a ciki, in ya faɗa cikin narkakken alminiyam fallatsa yake yi ya ƙona mutum. Akwai kuma wani farin ƙarfe da ya fi alminiyam rashin nauyi, magniziyam, a jikin wasu injinan yankan itace da laftof. Kankare shi ka ɗiga ruwan khal, in ya yi kumfa shi ne. Kama wuta yake yi a tukunyar zubi, ruwa kuma ƙara masa ƙarfi yake.

Inda zan ƙara a kan maganar Alhaji shi ne, ba duk abin da maye ya kama ne mai arha ba. Sifirin na mota, faifan garmar tarakta, sandar aksul, tsohon magagari da zoben boris, waɗannan ƙarfe ne mai shan ruwa, wato wanda ke yin tauri in an gasa shi aka tsoma a ruwa, da su muke ƙera gatari da adda da lauje da bakin garma. Maƙeri zai ba ka fiye da kuɗin kilo, musamman gab da damina. Yadda za ka gane shi, taɓa shi a garanda: mai kyau tartsatsinsa yana fashewa rassa-rassa da yawa, rodi da angil nasu dogo ne ba rassa sosai, ƙarfen zubi kuma gajere ne ja. Rataye sifirin da igiya ka buga, in ya yi ƙara mai tsawo lafiyayye ne, in ya yi dum to akwai tsaga a ɓoye, zai karye a kan uwar maƙera. Kuma kada a yanka shi da wutar walda a tsakiya, a bar shi da tsawonsa.

Rodi da angil da bututu miƙaƙƙu da suka wuce mita ɗaya, masu walda na ƙauye suna saye don ƙofa da amalanke. Duro kuwa a yi hattara. Wanda aka taɓa zuba fetur ko sinadari a ciki, ko ya shekara a bushe, tururin yana nan. A buɗe murafunsa, a cika shi da ruwa fal, sannan a yanka da kurfi da guduma. Tukunyar gas ba a yanka ta sam. Jarkokin maganin feshi kuma a huda gindinsu kafin su bar hannunka, don kada wani ya zuba ruwan sha ko man gyaɗa, wanki ba ya fitar da maganin daga jikin robar.

Malam Na Kurmi ya amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Tambayar tsoffin kaya ce ba a taɓa ba. Malam Ɗan Taura, ka samu akwati ɗaya mai kwaɗo, duk abin da ka ga aikin hannu ne ko ya girmi mahaifinka, jefa shi ciki kafin ka yanke hukunci. Abin da ya shiga tukunyar zubi ya tafi ke nan.

Tsoffin kuɗi masu huda a tsakiya da tauraro, wato anini da ɗari da kobo na zamanin Turawa, an fara buga anini da kobo a 1907, ɗari (rabin kobo) kuma a 1911, da rubutun Larabci a jiki. An buga su da yawa ƙwarai, don haka akasarinsu kuɗinsu kaɗan ne, kada wani ya ruɗe ka da labarin miliyoyi. Amma akwai waɗanda ake warewa. Aninin 1907 da wasu na 1908 na alminiyam ne, ba nauyi, masu tara kuɗi suna nemansa in bai ci ba. Na 1936 masu sunan Sarki Edward na takwas su ma ana so, saboda bai cika shekara a sarauta ba kuma wurare kaɗan ne suka fitar da kuɗi da sunansa. Sule da fataka masu hoton bishiyar kwakwa daga 1913 zuwa 1919 azurfa ne, daga baya aka koma ruwan ɗorawa. Kuɗin Tarayyar Najeriya na 1959, taro mai kusurwa goma sha biyu da hoton auduga, sisi mai koko, fataka mai gyaɗa, sun yi aiki har zuwan naira da kobo a 1973, cikakken jerinsu ya fi ɗaiɗai daraja. Liyari kuma, babban kuɗin azurfa mai hoton mace, giram 28 ne. Duk wanda ka gani 1780 ne a jikinsa, don da wannan shekarar aka ci gaba da buga shi, saboda haka shekarar ba ta nuna tsufansa. Akwai na jabu, a auna shi a sikelin maƙeran fari.

Kada ka goge su. Toka, yashi, lemon tsami, ruwan batir, duk suna cinye rubutu su kashe daraja. Ruwa da sabulu da yatsa sun isa, a shanya a naɗe kowanne daban. Haka tasoshin tagulla masu zanen hannu, da mundaye, da likkafa, da linzami, da kuben takobi. Juya tasa ka duba, in akwai sawun guduma kuma zanen bai zama iri ɗaya sak ba, aikin hannu ne, a Kasuwar Kurmi kuɗinta ya wuce na biras nesa.

Keken ɗinki baƙi na Singer yana da lamba a kan farantin gindinsa ta dama, da ita ake gane shekarar ƙirarsa. Ko ya cije, kananzir da man keke suna sakinsa, kuma kayan cikin yawancinsu suna shiga Butterfly. Ƙafarsa ta ƙarfen zubi kada a fasa ta, teloli na nema. Dutsen guga na gawayi, fitilar ƙwai, garmaho da faifansa, duk a ware. Faifai a jingine shi a tsaye a inuwa, rana tana lanƙwasa shi.

Abin da ya fi damuna shi ne takardu. In an rushe soron wani tsohon malami, akan kwaso gafaka da takardun ajami da na Larabci a zubar da su tare da ƙasa. Ɗaga takarda a rana, in ka ga alamar jinjirin wata uku a cikinta, tsohuwar takarda ce da fatake ke kawowa daga Italiya ta hanyar Sahara. Kada a jiƙa, kada a manna da salatif, kada a canza jerin shafukan. A fara mayar wa iyalan mai su, in ba su da bukata a tuntuɓi Gidan Makama, ko Gidan Ɗan Hausa, ko Jami'ar Bayero. Ka kuma sani dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ba a fitar da shi waje sai da izini, ba a kuma haƙa kufai don nemansa.

Mai Sikeli ya ƙara da cewa:

Akwai abu ɗaya da ya wajaba a faɗa. Duk ƙarfen da ka gani rufaffe, mai siffar kwalba ko tabarya, mai tsini a gaba ko fukafukai a baya, ko tulin kwanson harsashi, kada ka taɓa, kada ka buga, kada ka ɗaga. Janye mutane ka kira 'yan sanda. A 2025 irin wannan ya fashe a cikin lodin gwangwan a Kano, an rasa rayuka, kuma a 2023 gwamnatin Borno ta hana sana'ar a jiharta saboda matsalar tsaro. Lodin da ba ka san daga inda ya fito ba, a sauke shi a hankali ana dubawa, ba a juye shi.

Robobi ka duba lambar da ke gindinsu. Gorar ruwa da ta lemo lamba 1 ce, jarka lamba 2, bokiti da kujera galibi lamba 5. In babu lamba, yanki ɗan guntu ka jefa a ruwa: 2 da 5 suna tasowa, 1 da robar bututu suna nutsewa. Cire murafun gorori ka tara su daban, ka taka gororin su lotse, in ba haka ba iska za ka biya wa kuɗin mota zuwa Sharaɗa.

Tarin ƙarfe a ɗora shi a kan duwatsu ko tsoffin tayoyi, a riƙa jan na ƙasa da ƙugiya saboda kunama da kububuwa. Ƙarfe ka jira ya cika mota kafin ka kira direba. Kopa da biras kuwa a ɗaki mai kulle ake ajiye su, ka auna kowane buhu ka rubuta a jikinsa, ka kai su Kano da kanka, ka tambayi farashi a wurin dila biyu ko uku a ranar kafin ka sauke.